Ɗan Jagora a Cikin Sito

A kamfanin jigilar kayan nan sunansa biyu ne. In komai na tafiya daidai, Injiniya ake ce masa. In abu ya tsaya kuwa, sai ka ji murya daga saman bene ana cewa, "Ina mutumin nan na kwamfuta?" Shi dai kowanne aka kira amsawa yake yi, amma ya fi saurin tashi in ya ji na biyun.

Ofishinsa wani ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, inda a da ake ajiye tsintsiya da bokiti. An fitar da tsintsiyar. Bokitin ya tsaya, saboda na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga. A nan manyan injina biyu suke, irin waɗanda masu sana'ar ke kira sabar, shi kuwa Babba da Ƙarami yake ce musu. A cikin kowanne akwai ƙananan kwamfutoci marasa jiki, ba ka ganinsu, ba ka taɓa su, amma kowace tana aikinta kamar ita kaɗai ke da injin: ta rasit, ta bin sawun motoci, ta saƙonni, da sauransu. Da ya gaji da yi wa Manaja bayani, sai ya ce masa ya ɗauka Babba da Ƙarami gidajen haya ne, waɗannan kuma 'yan haya. Manaja yana da gidajen haya. Nan take ya gane, har ya tambaya ko suna ɓata bango.

Matsalar ita ce kowane ɗan haya kayansa na jibge a gidan da yake zaune. In Babba ya yi tari, duk 'yan hayarsa sun kwanta, sai an nemo Injiniya ko yana wanka ne. Shi ya sa rabonsa da hutu tun 'yarsa ta fari tana makaranta. Yanzu ga shi ta yi aure a wani gari mai nisa, ta haihu, jaririyar har ta fara rarrafe, bai taɓa ɗaukarta ba. A waya kawai suke ganin juna, shi kuma in ana kiran bidiyo manna wayar yake yi a fuska saboda idonsa ya fara ja da baya. Matarsa ta ce yarinyar nan ranar da ta fara magana, in aka tambaye ta ina kakanta, goshi za ta nuna.

Maganin abin ya san shi tun da daɗewa: ma'ajiya guda ɗaya a kan hanyar sadarwar ofis, wadda Babba da Ƙarami duk za su iya kaiwa gare ta. Sito ɗaya na kowa. In kayan 'yan haya na sito, ranar da Babba ya faɗi sai su tsallaka gidan Ƙarami hannu rabbana, su ci gaba da aiki, ba wanda zai san an yi. Sai da ya kusa tsufa a ƙofar Manaja kafin a sayo akwatin siton. Da ya iso kuwa, ya ɗaura shi da kansa, ya ja masa wayarsa daban don kada cunkoson ofis ya dame shi, ya buɗe masa babban ɗaki na tarayya, ya ce ba mai shiga sai Babba da Ƙarami. Sito ya yi masa taurin kai na kwanaki: ya yarda su leƙa, ya hana su ajiye ko allura. Ya yi ta fama da izini har ya fara mafarkinsa, sannan ƙofa ta buɗe.

Daga nan ya shiga kwasar kaya, ɗan haya bayan ɗan haya. Na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta, wanda yake kira Ɗan Jagora. Aikinsa ɗaya ne. Kowane inji a ofis yana da lamba mai ɗigo-ɗigo wadda mutum mai hankali ba ya haddacewa, don haka ake ba su suna; in wani inji yana neman wani, sai ya tambayi Ɗan Jagora, shi kuma ya ba shi lambar. Bai taɓa lalacewa ba, shi ya sa ba mai tunawa da shi. Injiniya ya ɗauke shi ya kai sito kamar sauran, ya duba Babba da Ƙarami ya ga fes, ko tsinke bai bari ba. Ranar har ya sayo wa kansa lemo.

Manaja bai hana hutu ba, sharaɗi ya kafa. A kashe komai ƙurmus a gabansa, Sakatariya ta kunna, Injiniya na tsaye hannunsa a aljihu. In komai ya tashi, ya tafi. In bai tashi ba, jika ta ci gaba da kallon goshi. Sai dai duk ranar da aka sa, Manaja sai ya ɗage: yau baƙi, gobe motoci na hanya. Har matar Injiniya ta gaji ta je ta sayo tikitin mota, ta ajiye masa a kan farantin abincinsa. Haka gwajin ya faɗo ranar tafiyar, wata Asabar da hantsi.

Ba ta yarda ta jira shi a gida ba. Ta biyo shi da akwatuna biyu da wata jaka cike da kayan jariri, ta zauna a kan babban akwatin daidai ƙofar ɗakin injina.

"Maman yara, ga kujera can a ɗakin baƙi."

"Na gode. In na zauna a kujera mantawa za ka yi da ni. Motar da azahar za ta tashi, na faɗa maka."

Ya duba agogo, ya gyara wata waya da ba ta karkace ba, ya zubar da ruwan bokitin da bai kai rabi ba, ya sake duba agogo. Ya riga ya manna 'yan takardu a jikin maɓallan: ɗaya a kan sito, biyu a kan Babba, uku a kan Ƙarami. Ya danna su da yatsa don su ƙara kamawa.

Manaja ya sauko yana karkaɗa makullin mota, Sakatariya na biye da shi. Ita ta girme su duka a kamfanin, kuma ta taɓa cewa in Allah ya kai ta Aljanna abu na farko da za ta roƙa shi ne kada a sa mata firinta.

"Yallaɓai, barka da fitowa. Hajiya, ina kwana."

"Lafiya lau. Ni dai in wani abu ya fashe, ba ruwana, a gaban shaidu na faɗa."

Ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar fankoki ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Tun da aka kawo injinan ɗakin bai taɓa yin shiru haka ba. Ɗigar ruwa kawai kake ji a bokiti. Injiniya ya ji kamar shi aka kashe.

"Hannu a aljihu," in ji Manaja.

Ya zura su. Sakatariya ta danna ɗaya da ɗan yatsa guda, jikinta a can baya kamar mai taɓa tukunyar zafi. Fitilun sito suka kama, kore bayan kore. Ta danna biyu, ta danna uku. Fankoki suka tashi da gurnani. Injiniya ya yi murmushi irin na mutumin da ɗansa ke karatu a gaban baƙi.

Allon ya kawo sunayen 'yan haya, dukkansu a dushe. A ƙasa wani ɗan rubutu: ana jiran sito.

"Haka yake yi," ya ce. "Yana ɗan ɗaukar lokaci."

Suka jira. Ya ɗaga ƙafar dama, ya sauke, ya ɗaga ta hagu. Yatsunsa a cikin aljihu suna danna madannan da babu su. Manaja ya daina karkaɗa makulli.

"Ga siton nan a gabansa da fitilu kamar gidan biki," in ji Sakatariya. "Me yake jira?"

Tambayar da yake yi wa kansa ke nan. Waya na jone, ya gani da idonsa. Izini daidai yake, jiya ma ya duba. Sai ya ce a ransa, bari dai in tambayi Ɗan Jagora ko yana ba su lambar daidai. Da wannan tunanin ya iso, sai ya ji wani sanyi ya sauko masa daga ƙeya har gadon baya, kuma ba na na'urar ba ne.

Lokacin da ya haɗa injinan da sito, da suna ya haɗa su, ba da lamba ba, saboda suna ya fi kyan gani, kuma haka masana ke yi. Muddin ba a kashe ba, Babba da Ƙarami suna riƙe da lambar a ka. Yanzu sun farka ba su tuna komai, suna neman mai nuna musu hanyar sito, shi kuma mai nuna hanyar yana cikin siton a kulle, yana jiran su zo su tashe shi. Kuma ba wani ne ya kai shi ba. Har lemo aka sha a kan haka.

"Injiniya, lafiya? Ka yi gumi."

"Yallaɓai, bari in ɗan zaga. Cikina ne tun safe."

Matarsa ta janye ƙafa ya wuce, ta bi shi da wani kallo. Ita ta dafa abin da ya ci tun safe.

A banɗaki ya sa sakata, ya jingina da ƙofa, ya zaro waya. Lambar wayar matarsa bai haddace ba har yau, amma lambar Babba da ta sito suna kansa kamar sunan mahaifinsa. Tabaransa na can kan tebur. Ya manna wayar a hanci, ya shiga Babba, ya rubuta masa lambar sito da manyan yatsun da ba a yi su don wannan aiki ba. Ya goge, ya sake. Ya shiga Ƙarami ya yi masa haka, ko dai yana zaton ya yi. Ya ja ruwa don a ji, ya wanke hannu sosai kamar wanda ya yi wani abu, wanda kuwa ya yi.

Kafin ya iso ya ji muryar Sakatariya: "Af, ga su nan suna tashi."

Sunayen na yin haske ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya buɗe manhajar motoci a wayarsa, ya ga motocinsa na tafiya a taswira, ya saki fuska.

"Ka gani? Sai da ka bar ɗakin suka tashi. Ashe kai ne ke takura musu." Ya miƙa masa hannu. "Allah ya kiyaye hanya. A gaishe da jika."

Ya karɓi hannun. Ya ja akwati har bakin titi, matarsa na gaba tana ɗaga wa tasi hannu. Rana ta fara zafi. Ya ajiye akwatin, ya ɗauka, ya mayar da shi ɗaya hannun. Can a bayan ginin sai ya ji janareta ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama. An ɗauke wuta ke nan. Wannan karon ya kama. Amma ya san janaretan nan kamar yadda ya san gwiwarsa ta hagu: akwai ranar da ba ya tashi. Ranar batir zai riƙe na ɗan lokaci ya saki, komai ya mutu, Sakatariya ta danna ɗaya, biyu, uku. Abin da ya rubuta a banɗaki ba tabarau, zai zauna bayan an kashe? Bai sani ba. A sana'arsu abin da ba a kashe an kunna ba, ba a gyara shi ba, addu'a kawai aka yi masa. Ya hango kansa a gidan 'yarsa, an miƙo masa jaririya, hannunsa bai kai gare ta ba waya ta yi ƙara.

Tasi ta tsaya.

"Maman yara."

"Kada ka fara."

"Ba cikina ba ne ɗazu."

"Na sani. Sa akwatin a but."

"In na tafi a haka, dawo da ni za su yi. Wataƙila jibi, wataƙila tun muna hanya."

Ta tsaya tana kallonsa, hannunta a kan murfin mota. Direban ya leƙo ya ce ko za a tafi ne ko shawara ake. Ta rufe murfin, ta ba shi haƙuri, ta ɗauki jakar kayan jariri.

"Wuce. Amma in motar nan ta tashi, kai za ka kira 'yarka da bakinka ka faɗa mata. Ni na gaji da yi maka ƙarya mai kyau."

Sun tarar da Manaja yana shirin shiga motarsa. Injiniya ya yi bayani a tsaye cikin rana, bai rage komai ba: mai nuna hanyar sito, shi ya kulle a sito, kuma gwajin ɗazu ba gwaji ba ne.

Manaja ya juya makulli a hannunsa.

"A banɗakina ka yi wannan?"

"Na ƙasa, Yallaɓai. Ba naka na sama ba."

"To da sauƙi." Ya rufe motar. "Ni na taɓa samun ɗan hayan da ya kulle ɗaki ya bar makulli a ciki, amma shi bai ce min Injiniya ne ba. Muje. Wannan karon in cikinka ya murɗa, ga bokiti nan."

Ya sa tabarau ya zauna. Abu na farko da ya gani, a cikin Ƙarami ya rubuta lambar da ɗigo biyu a jere. Ba ta yi aiki ba ko kaɗan. Babba ne ya ɗauki kowa shi kaɗai ɗazu. Bai faɗa wa kowa wannan ba, wani abin kunyar na mutum ne shi da Mahaliccinsa. Ya gyara, ya haɗa injinan biyu da sito da lamba tsirararta, ba ado. Sannan ya shiga fito da Ɗan Jagora daga sito, ya mayar da shi cikin Babba da kayansa, ya yi masa ɗan'uwa a cikin Ƙarami don ko ɗaya ya kwanta.

Kwasar kayan ita ta cinye shi. Wani ɗan layi ne a allo yake cika a hankali, kamar mai jin kunyar isowa. Ya tashi, ya zauna. Ya fita ya ƙirga akwatuna, biyu ne har yanzu. Ya dawo ya tarar layin na inda ya bar shi. Ya goge allon da hannun riga kamar ƙura ce ta tare shi.

"Zauna, don Allah," in ji Sakatariya. "Jiri kake sa ni."

"Haka yake a gida," in ji matarsa daga kan akwati. "In ana dafa ruwa, sai ya buɗe tukunyar ya ga ko yana ciki."

"Kin yi haƙuri, 'yar'uwa."

"Ina na yi? Ƙarewa ya yi, shi ya sa kika gan ni a nan."

Layin ya cika. Ya kashe komai a karo na biyu. Sakatariya ta miƙo tafin hannu, ya ɗora mata wayarsa, ta jefa a jaka ta ja zif. Ya sa hannu a aljihu tun kafin a ce masa.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Fankoki suka tashi. Allo ya kawo sunaye a dushe. Ɗigon ruwa ya faɗa bokiti, wani ya biyo shi. Injiniya ya ga ba zai iya kallo ba, ya juya ya fuskanci bango, inda har yanzu akwai ƙusar da ake rataye tsintsiya. Ya tsaya yana kallon ƙusar kamar zai rubuta jarrabawa a kanta.

"Wani ƙarami ya yi haske," in ji Sakatariya. "Shi kaɗai."

"Shi ne. Shi ya kamata ya riga kowa."

"To ga sauran nan suna bin sa."

Manaja ya duba motocinsa, ya ce a cire wa Babba wuta ma a gani, tunda an ce 'yan haya na tsallakawa. Aka cire. Suka tsallaka. Manaja ya ce da na gidajensa haka suke da ya huta.

Sai a lokacin Injiniya ya duba agogo. Azahar ta wuce, har inuwar gini ta fara miƙewa a tsakar harabar. Ya karɓi wayarsa, ya tsaya riƙe da ita, yana neman kalmar da zai fara da ita in 'yarsa ta ɗauka.

"Me za ka yi da waya?" in ji matarsa.

"Kin ce ni zan faɗa mata."

Ta miƙe, ta karkaɗe bayan zanenta, ta ɗauki jakar kayan jariri.

"Motar yamma ce. Tikitin ya kwana a kan farantinka, ka ɗaga shi ka ci abinci, ba ka karanta ba. Tun yaushe nake aurenka, Baban yara? In na ce maka yamma, ai sai gobe."

Sakatariya ta yi dariya har ta dafa Ƙarami, Injiniya ya ce ta yi a hankali da wayar baya.

A mota bai zauna lafiya ba. Ya ciro waya, ba kira. Ya mayar. Ya sake cirowa ya ɗaga ta wajen taga ko sabis ne babu. Sabis cike. Washegari an ɗauke wuta a ofis, janareta ya ƙi tashi, komai ya mutu aka kunna; wannan sai daga baya ya ji, don ba wanda ya ga dalilin kiransa. Abin ya ɗan yi masa ciwo, ya rasa wanda zai kai wa ƙara.

Da suka isa, 'yarsa ta fito da jaririyar a kafaɗa.

"Baba, yau dai ga ka da ƙafafu."

Ta miƙo ta. Yarinyar ta kalli baƙon mutumin nan mai hanci da baki da gemu, ta taɓe baki, ta fara shirin kuka. Ya yi mata wasa da yatsu, abin ya ƙaru. Ya rasa yadda zai yi, ya sunkuyar da kai don ya gyara riƙon da ya yi mata, goshinsa ya zo daidai fuskarta.

Kukan ya tsaya. Ta ƙura wa goshin ido. Sannan ta ɗaga ɗan yatsa jiƙe da yawu, ta ɗora a tsakiyarsa, ta ja gefe, tana jira hoton ya canza.